Fankar Laftof Tana Ƙara: Saurara Kafin Ka Ɗauki Sukudireba

Ƙarar fankar laftof iri biyu ce, kuma wanda bai raba su ba zai kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba. Akwai fankar da lafiyarta ƙalau, gudu kawai take yi saboda cikin kwamfutar ya ɗauki zafi. Akwai kuma wadda ita kanta ce ta lalace, ko kwamfutar a sanyaye take sai ta yi ta gurnani. Ta farko ko ka canza ta, sabuwar ma ihun za ta yi. Ta biyu kuwa ko ka share ƙura har ciki ya yi ƙyalli, ƙarar tana nan. Saboda haka aikin farko na kunne ne.

Kashe duk wani sauti a ɗakin, ka kai kunnenka kusa da ramukan da iska ke fita. Idan abin da kake ji fuuu ne sumul, yana hawa yana sauka daidai da nauyin aikin da ka ba kwamfutar, wannan iska ce kawai, matsalarka zafi ce. Idan gurrr kake ji, da 'yar karkarwa a tafin hannu, musamman da zarar an kunna ta da sanyinta, sannan ya lafa bayan minti biyu ko uku, to boris ne, wato mazaunin da sandar fanka ke juyawa a ciki, ya fara cinyewa. Idan kuma ƙas-ƙas-ƙas ne mai bin gudun fankar, ta yi sauri ya yi sauri, wani abu ne yake taɓa fiffikenta: siririyar waya da ta fita daga hanyarta, ko takardar manne da ta ɓare, ko wani ɓarɓashi da ya faɗa ciki. Ga gwaji mai sauƙi. Ɗaga laftof ɗin tana aiki, ka karkata ta a hankali hagu da dama. Ƙarar iska ba ta damu da karkatarwa ba. Idan sautin ya canza, ko ya ɗauke ya dawo, fiffiken yana rawa a kan sandarsa, boris ya yi sako-sako.

Akwai ƙara biyu da ake ɗora wa fanka laifinsu alhali ba ruwanta. Ɗaya siririn tsiii ne mai shiga kunne, wanda ke canzawa idan ka motsa linzami, ko ka gangara shafi, ko ka sa caja. Wannan daga ƙananan naɗin waya masu daidaita wuta yake fitowa, a kan bod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke kai. Yana da ban haushi amma ba ya kashe kwamfuta, kuma canza fanka ba ya taɓa shi. Na biyun ya fi haɗari: ƙyas, ƙyas a tsakaice daga faifan ajiya mai juyawa, wato HDD, tare da daskarewar kwamfuta na 'yan daƙiƙu. Idan wannan kake ji, bar zancen fanka tukuna, kwashe fayilolinka zuwa wani wuri yau ɗin nan.

Auna zafin, kada ka yi kintace

Taɓa bayan laftof da hannu ba awo ba ne. Sauke HWiNFO ko HWMonitor ko Core Temp idan Windows kake amfani da ita. A Linux umarnin sensors ya isa, a Mac kuma Macs Fan Control yana nuna zafi da gudun fanka duka. Bar kwamfutar minti goma ba ta yin komai, ka duba, ka rubuta lambar. Yawancin laftof suna zama tsakanin digiri 35 zuwa 55 a ma'aunin Salshiyas a wannan hali. Idan aiki ya yi nauyi, 80 zuwa 90 ba abin tsoro ba ne, ƙananan laftof masu siririn jiki sukan wuce haka. Iyakar yawancin CPU na Intel da AMD, wato guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi, tana wajen digiri 95 zuwa 105. Da ta kusanci wurin, CPU za ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa laftof mai ihu takan zama mai nawa a lokaci guda.

Lambar da ta fi faɗa maka gaskiya ita ce ta zaman banza. Kwamfutar da ba ta yin komai amma tana kan digiri 70, ko dai akwai abin da ke aiki a ɓoye, ko zafin ba ya samun hanyar fita.

Fara da na ɓoyen, tunda ba ya buƙatar kwance ko sukuru ɗaya. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, sai ka danna kan layin CPU ya jera maka daga mafi ci zuwa ƙasa. A zaman banza bai kamata jimillar ta daɗe sama da kashi 10 cikin ɗari ba. Sunayen da aka saba gani su ne Windows Modules Installer Worker, mai girka sabuntawa, da Antimalware Service Executable, wato binciken Defender, manhajar tsaro ta Windows, da SearchIndexer. Waɗannan ukun a bar su su gama, sukan lafa da kansu. Kashe su da ƙarfi yana sa su sake farawa daga tushe. Burauza ita ce babbar mai laifi a yawancin lokuta. A Chrome, Shift da Esc suna buɗe nata jerin, inda za ka ga shafi ɗaya tak da ya riƙe CPU yana ci. A Mac, Activity Monitor ne. Idan ka ga kernel_task ya kumbura a can, kada ka zarge shi: tsarin ne yake janye CPU daga sauran ayyuka da gangan don zafi ya sauka.

Wata alama da nake so kowa ya sani: fanka tana ta ihu, da ka buɗe Task Manager sai ta yi tsit, ka rufe ta dawo. Wasu miyagun manhajoji masu haƙar kuɗin kirifto a ɓoye haka aka ƙera su, su ɓuya idan an buɗe ido. Yi cikakken bincike da Microsoft Defender Offline, wanda ke gudana kafin Windows ta gama tashi.

Idan babu abin da ke ci a ɓoye, duba saitin wuta. A Windows 11, cikin Settings, sashen Power, sauya yanayin zuwa Balanced ko Best power efficiency. Masu ƙera laftof ma suna da nasu: a Lenovo da yawa Fn da Q suna sauya yanayi, Dell tana da zaɓin Quiet a manhajar sarrafa wutarta, ASUS na wasanni suna da Silent a Armoury Crate. A BIOS na wasu HP, wato saitin da ake shiga lokacin kunnawa kafin Windows ta tashi, akwai zaɓin da ke barin fanka a kunne muddin caja tana jiki, ana iya cire shi. Akwai kuma tsohuwar dabara mai aiki: a Advanced power settings, mayar da Maximum processor state daga 100 zuwa 99. A kwamfutoci da yawa wannan kashi ɗayan yana hana CPU tsalle zuwa gudun turbo, zafi ya faɗi sosai, fanka ta huta. Za ka rasa wani ƙarfi a aiki mai nauyi, amma ga mai rubutu da karatu da kallon bidiyo, da wuya ya lura.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗaure gudun fanka da manhaja alhali zafin yana sama. An yi shiru, amma zafin yana nan yana cin batir da sauran sassan bod a hankali.

Abin da iskar take faɗa

Ba kwamfutar aiki mai nauyi na minti biyar, ka sa bayan hannunka a bakin ramin fitar iska. Abu uku za ka iya tararwa, kowanne da fassararsa.

Iska mai ƙarfi kuma mai zafi na nufin sanyayawar tana aiki yadda aka tsara ta, nauyin aikin ne ya yi yawa ko ɗakin ne da zafi. Fanka tana ihu amma iskar da ke fita 'yar kaɗan ce, hanya ta toshe da ƙura. Iska tana fita da ƙarfi amma da sanyinta, alhali CPU tana kan digiri 95, to zafin ne ba ya isowa wurin fankar: ko man da ke kan CPU ya bushe, ko bututun zafi ya mutu.

Don a gane dalili, ga yadda abin yake a ciki. A kan CPU akwai farantin jan ƙarfe, tsakaninsu da ɗan siririn man da ke cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Daga farantin bututun jan ƙarfe ya tashi, a rufe ruf, cikinsa ɗan ruwa ne kaɗan da aka zuƙe wa iska. Zafi yana mayar da ruwan tururi, tururin ya gudu zuwa ɗaya ƙarshen inda ƙaramin lagireto yake, jerin siraran ƙarafa a matse da juna. Fanka tana zuƙo iska ta ƙasa ko ta kibod, ta watsa ta gefe ta cikin lagireton, tururin ya huce ya koma ruwa ya dawo. Sarƙa ce. Duk mahaɗin da ya yanke, firikwensin, wato abin da ke auna zafi, zai ga ya hau, ya umarci fanka ta ƙara gudu, ita kuwa ba ta da abin yi sai ihu.

Daga nan za ka fahimci illar ɗora laftof a kan katifa ko filo: ramukan shaƙar iska na ƙasa sun toshe, kuma zaren yadin yana shiga ciki. Wuri mai tauri, da ɗaga bayanta santimita biyu, yakan rage digiri da dama.

Buɗewa da sharewa

Idan garanti bai ƙare ba, karanta sharuɗɗansa kafin ka taɓa sukuru. Dell da HP da Lenovo suna sakin littafin kwance kowane samfuri a shafukansu, nemo naka da lambar samfurin, zai nuna maka jerin sukurori da inda maƙalai suke.

Kayan aiki: sukudireba mai bakin kuros lamba PH0 ko PH00, wasu laftof suna son Torx T5, MacBook kuma P5 mai baki biyar. Sai abin ɓamɓara na roba, da buroshi mai laushi, da hantsaki, da gwangwanin iska ko roban hura iska na hannu. Kada ka ɓamɓari murfi da wuƙa ko bakin sukudireba.

Kashe kwamfutar gaba ɗaya, ba barci ba, ka cire caja. Kwance sukurorin ƙasa, kana jera su a kan takarda daidai da wurin da kowanne ya fito, domin tsawonsu ya bambanta, kuma dogon sukuru a ramin gajere yana iya huda bod ko ya ɓullo ta saman kibod. Duba ƙarƙashin ƙafafun roba, akan ɓoye wasu a nan. Idan murfi ya ƙi tashi, akwai sukurun da ka manta, kada ka sa ƙarfi. Da ka buɗe, kafin komai zare soket ɗin batir daga bod, ka riƙe maɓallin kunnawa daƙiƙa 15 don sauran wutar ta fita. Taɓa wani ƙarfe ka sauke wutar jikinka. Sukuru ɗaya da ya faɗo a kan bod mai wuta ya isa a ce garin gyaran gira an rasa ido.

Dubi batirin tun kana nan. Idan ya kumbura, ya yi tudu, tsaya. Kumburarren batir yana iya danne gidan fanka har fiffike ya riƙa gogawa, kuma shi kansa haɗarin gobara ne. Kada a danna shi, kada a huda, a canza shi.

Ƙurar da ke damun ka ba wadda kake gani a kan fiffike ba ce. Tana ɓoye a tsakanin bakin fanka da lagireto, inda ta dunƙule ta zama shimfiɗa mai kauri kamar auduga, ta rufe ƙarafan daga gefe zuwa gefe. Wannan ne ya sa hura iska daga waje ba tare da buɗewa ba sau da yawa ba ya wadatarwa: shimfiɗar takan ɓalle ta faɗa cikin fanka, ta maƙale fiffike, ƙarar ta fi ta da. Kwance sukurori biyu ko uku da ke riƙe fankar, zare wayarta ta hanyar kama kan soket ɗin, ba jan wayar ba, ka ɗaga ta. Da hantsaki za ka ɗauke dunƙulen sau ɗaya. Sannan ka hura lagireton daga ciki zuwa waje, ka ɗaga shi ga haske. Idan kana ganin haske ta kowane tsakani, ya fita.

Wajen hura fankar kanta, danne fiffiken da yatsa ko tsinke. Iskar gwangwani tana juya shi fiye da gudun da aka ƙera shi don ya yi, boris ya ci wuya, kuma motar da aka juya da ƙarfi tana haifar da wuta ta koma bod idan wayar na haɗe. Riƙe gwangwanin a tsaye, ka hura a gajarce, daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan ka kifa shi, ruwa mai tsananin sanyi zai fito. Injin zuƙar shara na gida kuma ba na cikin laftof ba ne.

Man CPU

Ba kowace shara ce ke buƙatar canza mai ba. Idan fankar ta fita ba tare da ka ɗaga farantin jan ƙarfen ba, kuma zafi ya sauka bayan shara, bar shi. Amma da zarar ka ɗaga farantin, ko da ɗan kaɗan ne, dole a goge tsohon a sa sabo. Haka ma idan laftof ta shekara uku ko huɗu kuma gwajin iska ya nuna zafi ba ya isowa.

Kusa da sukurorin farantin akwai lambobi 1, 2, 3, 4. Kwance su daga babba zuwa ƙarami, kaɗan-kaɗan kana zagayawa, ka ɗaure daga ƙarami zuwa babba. Dalili shi ne CPU ɗin laftof ba ta da murfin ƙarfe irin na babbar kwamfuta, gilashin silikon ne a fili, kuma danna gefe ɗaya yana iya fasa kusurwarsa. Idan farantin ya manne, murɗa shi a hankali, kada ka ja ta bututun. Bututun da ya lanƙwashe ko ya tsage ya gama aiki.

Goge tsohon man da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, da ƙyalle marar zare, har fuskokin biyu su yi sheƙi. Sa sabon mai ɗan ɗigo, faɗinsa milimita uku zuwa huɗu, ka shimfiɗa shi siriri ya rufe silikon ɗin duka har kusurwoyi. Mai kauri ya fi dacewa da laftof, domin mai ruwa-ruwa yakan tsiyaye gefe bayan 'yan watanni saboda kumbura da tsukewar ƙarfe, zafin ya dawo. Ƙananan faci masu laushi da ke kan sauran sassa, kada ka yar da su, kada kuma ka maye gurbinsu da mai. Kaurinsu a aune yake, 0.5 ko 1 ko 1.5 na milimita, kuma wanda ya fi kauri zai ɗaga farantin daga kan CPU. Idan ka buɗe ka ga ruwan ƙarfe mai sheƙin azurfa, irin wanda ke zuwa a wasu laftof na wasanni, wannan aikin gwani ne: wutar lantarki tana bi ta cikinsa, ɗigo ɗaya a kan bod ya isa ya lalata shi, kuma yana cin alminiyam.

Idan bayan sabon mai har yanzu iskar da sanyinta take fita, gwada bututun. Kwamfutar tana aiki, taɓa shi da hankali kusa da CPU, sannan kusa da lagireto. Mai lafiya zafinsa kusan ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe. Idan nan ƙuna can sanyi, ya mutu, sai a canza shi da farantinsa gaba ɗaya.

Idan fankar ce da kanta

Juya fiffiken da yatsa. Mai lafiya yana juyawa sumul, ya tsaya da 'yar tsalle saboda maganaɗisu. Idan yana da tauri, ko kana jin gurzawa, ko yana rawa gefe da gefe, boris ya tafi. Duba kuma ko fiffike ɗaya ya karye, domin rashinsa yana ɓata daidaito, fankar ta riƙa girgiza.

A wasu fankoki, idan an cire murfin ƙarfen, fiffiken yana zarewa sama daga ramin. Goge sandar, ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a ramin, ka mayar. Ɗigo ɗaya, ba biyu ba, rarar tana kama ƙura. Feshin WD-40 na kwance tsatsa ba na nan ba ne, yana wanke sauran man da ke ciki sannan ya bushe. Idan fiffiken bai zaru da sauƙi ba, a rufe aka ƙera shi, ja da ƙarfi zai karya shi. Kuma a san cewa man yana sayen lokaci ne kawai, makonni ko watanni. Ramin da ya riga ya buɗe ba ya komawa.

Canzawa shi ne gyaran gaskiya. Karanta takardar da ke manne a jikin tsohuwar: lambar kaya, da ƙarfin wuta, yawanci 5V, wasu manyan na wasanni 12V, da abin da take ja, misali 0.5A. Kamfanoni irin su Delta da Sunon da Forcecon ne ke ƙera wa masu laftof, don haka samfuri ɗaya yana iya zuwa da fankar kamfani daban-daban, duk su dace. Ƙirga wayoyin soket, uku ne ko huɗu. A mai huɗu, biyu na wuta ne, ɗaya yana kai rahoton gudu, ɗaya yana karɓar umarnin sauri. Soket ɗin yana iya shiga alhali jerin wayoyin ya bambanta, sai ka ga sabuwar fanka tana gudu ƙarshe ba tsayawa, ko ta ƙi tashi. A laftof mai fanka biyu, ta CPU da ta GPU, wato guntun sarrafa hoto, ba sa musanya wuri, a tabbatar wacce ake saya.

Kwamfutar ma takan faɗi da bakinta. HP tana nuna kuskure mai lamba 90B idan fanka ba ta juyawa daidai, ThinkPad tana rubuta Fan error ta ƙi tashi. A Dell, F12 lokacin kunnawa yana kai ka ga Diagnostics, wanda ke gwada fankar a gudu daban-daban, dama ce mai kyau ta saurare. A Mac, lambobin Apple Diagnostics masu farawa da PPF na fanka ne. MacBook Air kuwa daga M1 na 2020 zuwa gaba ba ta da fanka sam, duk ƙarar da ta yi daga wani wuri take.

Saura hali ɗaya: zafi yana ƙasa, digiri 40 ko 45, fanka sabuwa, amma tana gudu ƙarshe tun daga kunnawa. Nan ko dai ƙaramin guntun da ke sarrafa fanka ne ya rikice, ko firikwensin zafi ya lalace yana ba da rahoton ƙarya. Cire caja, ka riƙe maɓallin kunnawa daƙiƙa 30. A MacBook mai Intel ana sake saita SMC, wato guntun da ke kula da fanka da wuta. Sannan ka duba shafin kamfanin ko akwai sabon BIOS, ka girka shi caja tana jiki, ba tare da katsewa ba. Idan duk wannan bai canza komai ba, matsalar tana kan bod, sai mai gyara da ke da mita da taswirar bod ɗin.

Wajen rufewa, kwantar da wayar fanka a cikin hanyarta, ka tabbatar ba ta ratsa saman fiffike ba, ka mayar da soket ɗinta, na batir ya zo ƙarshe. Kafin ka ɗaure sukurorin murfi, kunna ka ga fankar ta juya da idonka. Wasu laftof ba sa tayar da ita sai zafi ya kai wajen digiri 50, don haka ka ba ta ɗan aiki tukuna, sannan ka sake auna zafin zaman banza da na aiki, ka kwatanta da lambobin da ka rubuta kafin ka buɗe.